Noti Uku a Gindin Randa

Motar Malam ta girmi duk 'ya'yana. Fara ce mai ɗan ruwan ƙwai, mai dogon baya, irin waɗanda yanzu sai a daɗe ba a ga ɗaya a titi ba. A cikinta aka kawo ni gidansa a unguwar Bulumkutu ina amarya, a cikinta na tafi asibiti haihuwar fari ina riƙe da hannun ƙofa ina salati. Kujerunta har yau ƙamshin turaren wuta suke yi, don duk Juma'a nakan ajiye kasko a ciki in rufe gilasai.

Da ciwo ya shanye wa Malam ɓarin hagu, sai motar ta zauna ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Bayan la'asar nakan riƙe shi mu taka a hankali, in buɗe masa ƙofar direba, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan sitiyari. Ba ya kunna ta. Yakan dubi bangon gidan ta gilashi ya ce, "Yanzu mun wuce gada." Can kuma, "Ga masu kankana nan." Hanyar Konduga yake bi a ransa, inda gonar mahaifinsa take, wadda rabonsa da ita tun shekarun da mutane suka daina bin hanyar. Ni kuwa ina kujerar gefe ina tsintar shinkafa, ina ce masa, "Allah ya sauke mu lafiya."

Wata damina ruwa ya kwana a tsakar gidanmu ya ƙi tafiya, ya hau har rabin tayoyi. Da ya janye, ƙafafun motar duk sun yi ja. Babban ɗana, wanda nake ce wa Babana don sunan mahaifina gare shi, ya kawo bakanike. Injin bai ba da wahala ba, da aka sa sabon batir ya yi tari ya tashi. Amma notin taya sun manne, sai da aka yanke wasu, kuma tsatsa ta cinye bakin rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, har iska ba ta tsayawa.

"Ya," in ji Babana, haka yake kirana da yaren kakanninsa, "'yan gwangwan sun zo sun gani. Irin wannan rim ɗin an daina yi. Mu rabu da ita mu huta."

Bai san tagar ɗakin mahaifinsa a buɗe take ba. Ranar da la'asar Malam bai ce a kai shi mota ba. Washegari ma haka. Ya juya fuska ga bango, kunun da na kai masa ya huce a inda na ajiye.

Na samu Babana a zaure na ce, "Ka ba ni zuwa girbin gero. Hanya ta buɗe, mutane na zuwa. Bari ya ga gonar nan da hatsi a tsaye, a cikin motarsa. In ba a samu ƙafafu ba, ni da kaina zan kira 'yan gwangwan."

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "Kada ku sa mata notin da zai yi tsatsa. Ƙarfen da ba ya kwancewa ranar da taya ta fashe, gara babu shi."

Muka ɗora tsohon rim ɗaya a keke muka tafi layin masu kayan mota. Mai shagon Inyamuri ne da ya tsufa a garin nan, ya tare ni da gaisuwar mutanen garin, "Wushe, Mama," kamar ɗan gida. Ya juya rim ɗinmu da ƙafa ya yi dariya.

"Mama, wannan ai kakan rim ne. Na ƙarfe babu. Sai dai na alminiyam, ɗan Beljiyam, in ramukan sun zo daidai."

Ya fito da su ya jera a rana. Aka kifa namu a kan kowanne ana leƙa ramuka huɗun nan, har aka sami waɗanda haske ya ratsa ta duk huɗun. Babana ya so masu yatsu da yawa masu walƙiya. Ni na tsuguna ina ƙwanƙwasa su da zobena kamar yadda nake yi wa tukunya kafin in saya. Mai lafiya yakan yi doguwar ƙara ta bi iska, mai tsaga kuwa sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Na ware guda huɗu marasa ado, masu faɗin yatsu kamar furen kabewa.

Sai maganar noti. Mai shago ya ce tsofaffin ba za su yi ba ko da suna da rai, rim ɗin alminiyam yana son mai ɗan tsawo, mai tsinin gindi da zai zauna cikin ramin. Ya zube iri uku a kan benci. Biyu suna ƙyalli har ka ga fuskarka, na ukun dusu-dusu kamar tsohon cokali. Na ɗauki kwalayen ina haɗa baƙaƙen a hankali, kowanne yana rantsuwa ba ya tsatsa.

"Wanne ne na gaskiya?" na tambaye shi.

"Mama, yadda aka sayar mini haka nake sayarwa. Dukansu yarana ne."

"To ba ni ɗaya-ɗaya in kai gida su kwana biyu."

"Za ki dafa su ne?"

"Kusan haka."

Babana ya rufe fuska da hula yana dariya. "Ya, noti ne fa, ba kayan ɗakin amarya ba."

Ai kuwa kayan ɗakin amarya na tuna. Haka iyayenmu ke yi wa cokula da farantai kafin su sayi dozin: a ɗauki ɗaya a jiƙa a ruwan gishiri da kanwa, a ajiye a gindin randa inda ƙasa ba ta bushewa. Duk abin da zai yi tsatsa a gidan miji, a nan yake fara nunawa. Na yi wa notin haka. Na jera su a kan tsumma mai laima, kullum da safe in yayyafa musu ruwan in koma aikina.

Malam ya sa aka matso masa da kujera kusa da randar. Nan ya koma zama da la'asar, inuwar dalbejiya na yawo a kan rigarsa, yana ɗaukar notin ɗaya bayan ɗaya yana murzawa da yatsu kamar carbi. Wani lokaci ya yi gyangyaɗi da ɗaya a tafin hannu. Ni ma in na daɗe ina kallonsu sai in ga kamar wasu ƙananan rijiyoyi ne guda uku, kowacce da ɗan sararin samanta a ciki.

Wanda ya fi ƙyalli shi ya fara. Ɗigo ja ya fito a bakinsa, ya bazu kamar lalle, fatar ta ɗaye. Na biyun ya jure, sai daga baya na leƙa cikin zaren na ga ya yi ruwan goro. Mai dusu-dusun nan kuwa yadda na ajiye shi haka na ɗauke shi. Malam ya goge shi a gefen rigarsa ya miƙa wa Babana.

"Goma sha shida irin wannan. Ka ce a shafa musu ɗan mai kaɗan."

Mai shago ya aiko da gaisuwa, wai in ba shi aron randar.

Ranar da aka ɗaura ƙafafun, Malam ya tsaya da sandarsa yana kallo, ransa bai so ba. "Kun sa wa tsohuwa takalmin yarinya," ya ce. Ya tambayi inda za a kai tsofaffin rim ɗin, aka ce bola. Sai na hana ɗaya. Mai walda ya yi masa ƙafafu uku ya zama murhun gawayi, na dafa masa shayi a kai a ranar. Ya sha yana kallon garwashin cikin ƙarfen da ya sha kai shi Konduga, bai ƙara maganar takalmi ba. Noti na ƙarshe shi ya ɗaure. Babana ya riƙe masa sifana, shi kuma ya danna da hannun dama har ƙarfen ya yi ɗan kuka.

Mun tafi da hantsi, Babana na tuƙi, Malam a gefensa, ni a baya da fulas ɗin kunu. Motar tana tafiya a hankali, keke ma wuce mu yake. A shingen bincike wani soja ya zagaya ta yana murmushi, ya sunkuya ya dubi ƙafafun, ya ɗaga mana hannu. Can muka hau gada muka sauka.

"Yanzu mun wuce gada," in ji Malam.

Masu kankana ba sa wurin da ya bar su, sun matsa gaba, ya nuna su da haɓa. Da muka isa bakin gonar, ga geron ya fi mutum tsawo, kawunansa sun sunkuya, tsuntsaye na tashi suna sauka. Ɗan ƙanen Malam da ke noma wurin ya karyo zangarniya ɗaya ya miƙo ta taga. Na zaci Malam zai ce a fito da shi, amma ya ce a bar shi a nan, a buɗe ƙofa kawai iska ta shigo. Ya ɗora zangarniyar a cinya yana murza ƙwayoyin. Na zuba masa kunu, ya shanye, ya miƙo kofin in ƙara.