Tankin Motar Abu Mish'al

Saidou Badamagare ne, ni kuwa Bakano, don haka tun ranar da muka haɗu a wani shagon shayi a Gubaira, nan Riyad, nake masa tsiya. Sunana Inuwa, gyaran famfo nake yi. Na ce masa bawana, ya ce "to". Na ce kakanninsa ne suka kawo wa Kano yaƙi suka koma ba takalmi, ya ce "to". Abin haushin mutumin nan ke nan, ba ya ramawa. Wasa irin namu sai da ramuwa yake daɗi, shi kuwa ko me ka jefa masa sai ya karɓa ya ajiye, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya. A garinsu ga-ruwa ya yi tun tasowarsa, yana tura kura daga famfo zuwa gidajen mutane. Wanda ya san Damagaram ya san ruwa can ba abin wasa ba ne. Ya taɓa gaya mini a gidansu cikin daro ake tsayawa a yi wanka, ruwan a yi wanki da shi, na wankin a yayyafa a tsakar gida. Daga baya ya koyi tuƙi, aka samo masa bizar direban gida, ya zo Saudiyya. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Matarsa Rahina tana can, 'ya'yansa a waya suka girma. Ranar da aka gaya masa rasuwar mahaifiyarsa yana ƙofar makaranta yana jiran jikokin maigidansa. Ya kwashe su ya kai gida, ya wanke mota, sannan ya je masallaci. Ni dai tun da na san shi ban taɓa ganin murna ko baƙin ciki sun zauna a fuskarsa ba, kuma na daina nema.

Kafilinsa, wato wanda igamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke hannunsa, wani dattijo ne da ake kira Abu Mish'al. Mutumin daji ne, gari bai taɓa shiga ransa ba. Ya sayi tsohuwar bas, ya sa aka cire kujerun, aka yi mata gado da wurin zama da ɗan kicin da bayan gida. Da sanyi ya shigo sai su nufi sahara shi da Saidou, su yi makonni. Da matarsa ta rasu sai ya tattara ya koma cikin motar gaba ɗaya, ya kafa ta a wani fili nasa mai katanga da dabino kaɗan a bayan unguwar Suwaidi. 'Ya'yansa suka yi magiya har suka gaji. Bayan nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai ɗan gurnani. Aka kai shi asibiti, aka sallame shi zuwa gidan babban ɗansa Mish'al a Nasiriyya, ya ƙi cin abinci har sai da aka mayar da shi motarsa. Tun daga nan Saidou ne hannunsa da ƙafarsa. Shi ke masa wanka, shi ke ɗaukarsa ya kai bayan gida, shi ke ba shi abinci a baki. Kullum da safe yakan tayar da injin ya bar shi yana aiki na ɗan lokaci, don tsohon yana son jin ƙararsa.

Wata Talata da hantsi ya kira ni.

"Bakano, kana da aiki?"

"Me ya faru, bawana?"

"Bayan gidan Ammi ya toshe." Haka yake kiran tsohon, Ammi, wato baffana. "Mish'al ya zo jiya. Ya ce in warin bai fita ba kafin Juma'a zai ɗauke shi. In an gyara, ya zauna."

Yadda ya faɗe shi kai ka ce labarin farashin tumatir yake ba ni. Amma a duk zamanmu bai taɓa neman komai a wurina ba, don haka na ɗauki jakar kayana na tafi.

Tun daga ƙofar filin warin ya tare ni. Wallahi na shiga ramuka iri-iri a garin nan, amma wannan sai da na ja rawani na rufe hanci. Tsohon yana kwance kusa da taga, fes da shi, gemunsa a taje. Na gaishe shi, ya ɗaga mini hannun hagu. Saidou kuwa ko a jikinsa, hancinsa ya saba.

Tankin irin wannan mota akwati ne shimfiɗaɗɗe a ƙarƙashinta, da makulli a bakinsa. Ƙa'idarsa a bar makullin a rufe, ruwa ya taru ya yi yawa, sannan a ja shi lokaci guda, ƙarfin ruwan ya kwashe komai. Na kwanta a ƙasa na leƙa. Tiyo na nan an jona shi zuwa ramin masan filin, makullin kuwa a buɗe yake, har ƙura ta daskare a kansa. Na ƙwanƙwasa tankin, ya amsa mini kamar bango. Na shiga ciki na taka abin sakin ruwa, ko ɗigo. Sai ga buta a gefe, ƙarama, irin ta alwala.

"Wa ya kashe ruwan nan?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka daina tafiya."

"Don me?"

"Ɓarna ce. Takawa ɗaya, ruwan da yake zubarwa ya ishi mutum biyu alwala."

Raina ya ɓaci, na kuwa faɗa masa. Na ce ruwan gidanku ne? Kai ke biya? Ƙasar da ake wanke mota da tiyo kullum safiya, kai ka zo kana yi mata tsimi da buta. Na ce ɗan ruwan da kake zubawa tsiyayewa yake ya bi tiyo ya tafi, sauran ya zauna ya bushe da zafin garin nan, yau da gobe ya taru ya zama suri. Ka gina suri a ƙarƙashin gadon maigidanka, Badamagare. Ya tsaya yana kallon butar. Can ya ce, "To. Yana gyaruwa?"

Na ce yana gyaruwa, amma da abin da ba ka so.

Muka rufe makullin. Na sa ya ɗora manyan tukwane a wuta, muka zuba ruwan zafi da garin sabulu, sannan na miƙa masa tiyon ruwa mai kyau na ce ya saka a bakin masan ya riƙe har sai na ce ya isa. Ya riƙe. Ruwa fari tas yana kwarara cikin ƙazanta, shi kuwa ya kawar da kai yana kallon bango. Sau biyu yana tambayata ko ya isa. Na ce saura. Da tankin ya cika na ce a bar shi ya jiƙa har jibi, kafin nan ya nemi fo ya riƙa yi wa tsohon amfani da shi.

Ran Alhamis na dawo da sassafe. Jiƙo kaɗai ba ya karya irin wannan, sai an jijjiga, kuma babu mai jijjiga tankin bas sai hanya. Na ce a sauke tsohon a shimfiɗa masa a inuwar dabino mu je mu dawo. Saidou ya sunkuya ya gaya masa da Larabci. Tsohon ya damƙi ƙarfen gadon da hannun hagu ya yi gurnani.

"Ya ce da shi za a je."

Muka tokare shi da matasai ta kowane gefe, Saidou ya ɗaura masa rawani, ya yaye labulen tagar. Motar ta fita daga filin tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Muka bi hanyar Dirab har gidaje suka ƙare, sannan Saidou ya sauka daga kwalta ya hau burji. Nan nake so. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ruwan ya daki tankin a ƙarƙashinmu, ni kuwa ina cewa ƙara, bawana, nemi wani ramin. Can sai tsohon ya yi wani sauti, Saidou ya taka birki ya kashe mota.

"Me ya faru?"

"Ya ce a tsaya."

Babu komai a wurin, duwatsu ne jajaye da fili da 'yan ƙayoyi. Saidou ya buɗe tagar, ya ɗaga tsohon ya jingina shi. Tsohon ya fitar da hannunsa waje ya bar shi a iska. Saidou ya dafa gahawa, ya riƙa ba shi a ɗan kofi yana goge masa gefen bakin da ke zuba. Ni kuwa tausayi ya kama ni. Mun jima a nan, sai da rana ta fara zafi muka juyo.

A filin muka mayar da tiyo ramin masai, na ce Saidou ya ja makullin da hannunsa. Da farko shiru. Sai tiyon ya yi tsalle, ya kumbura, abu ya taho da rugugi. Na ce alhamdu lillahi. Muka sake cikawa muka sake ja, muka maimaita har ruwan da ke fita ya yi haske. Na buɗe masa ruwan bayan gidan, na ce in na sake ganin butar nan a ciki sai na fasa ta a kansa. Ya ce "to". Ya wanke motar ciki da waje, ya kunna turaren wuta. Kafin la'asar babu abin da kake ji sai ƙamshi.

Ran Juma'a bayan masallaci na koma, don in ga idon Mish'al in ya shiga. Ya zo da mota biyu, tare da wani mutum mai jan gemu da ban sani ba. Mish'al ya shiga ya ja numfashi, ya ce ma sha Allah, ya sumbaci goshin mahaifinsa. Mai jan gemun ko gaisuwar kirki bai yi ba, kai tsaye ya wuce bayan gida. Na ji ya taka ruwa, ya sake takawa. Ya fito ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga ni a tsaye da jakata.

"Kai ne mai gyaran? Allah ya ba ka lafiya. Na zo ganinta watan jiya, daga bakin ƙofa na juya. Wa zai sayi mota da wannan warin?"

Ashe mai sayen motar ne.

Mish'al bai ɗaga murya ba, ba mugun mutum ba ne a fuska. Ya ja Saidou gefe ya ce shi da 'yan'uwansa sun yanke shawara, an gyara wa Baba ɗaki a ƙasa, an ɗauki mai jinya. Ya ce kada Saidou ya damu da igamarsa, zai riƙa kai yara makaranta.

Saidou ya ce, "Ka ce in an gyara zai zauna."

"Na ce. Amma dubi halin da yake ciki, Saidou. Mutane suna magana."

Saidou ya ce, "To."

Ni na yi magana, na zazzage abin da ke cikina, amma da Hausa, ina kallon ƙasa. Ni ma igama gare ni.

Tsohon ya gane tun kafin a gaya masa. Ya damƙi ƙarfen gadon. Mish'al ya lallashe shi, ya gwada buɗe hannun, ya kasa, idonsa ya kawo ruwa. Ya juyo ya ce, "Saidou, kai yake ji." Saidou ya durƙusa a gaban gadon, ya ce, "Ammi, yi haƙuri." Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke shi a hannu yadda ya saba ɗaukarsa, ya sauka da shi daga motar ya kwantar a kujerar baya ta motar Mish'al. Tsohon bai yi gurnani ba. Kallonsa kawai yake yi har aka rufe ƙofa. Saidou ya dawo ya kwashe kayansa a jaka ɗaya, ya miƙa wa mai jan gemu makulli, ya nuna masa yadda ake jan na tankin.

Yanzu Saidou yana Nasiriyya, a ɗakin direba da ke bakin ƙofar gidan. Tsohon yana nan da rai, an ce yana cin abinci kaɗan-kaɗan. Duk Juma'a bayan an sauko Saidou yakan nemi izini ya shiga wurinsa. Da ya yi sallama sai tsohon ya juya fuskarsa bango, haka zai zauna har ya fita.

Kwanan baya muna shan shayi a Gubaira na ce masa, "Mutumin da ba ya son ganinka, me kake zuwa yi?"

Ya ce, "Farce nake yanke masa. Mai jinyar ba ya kula da ƙafafu."

"Yana bari?"

Ya juya kofin a hannunsa.

"Ta daman nake samu, wadda ta shanye. Ta hagun janyewa yake yi."