Baba Anya da Hoton Zalɓe

Ba sunansa na yanka ba ne, amma duk masaƙar Baba Anya ake ce masa. Dalili kuwa, ba ka isa ka faɗa masa magana ya karɓa haka siddan ba. Ka ce an yi ruwa a unguwarku, sai ya dubi takalminka tukuna, sannan ya ce, "Anya?" Matarsa takan ce ranar da aka yi masa albishir da haihuwar autarsu ma bai yi hamdala ba sai da ya ƙirga yatsun jaririyar.

Ko aikinsa ne ya mai da shi haka, ko halinsa ne ya kai shi ga aikin, Allah kaɗai ya sani. Mai duba yadi ne. A ƙarshen babban ɗakin injuna akwai wani tebur a kishingiɗe, fitila a samansa, fitila a ƙarƙashinsa, yadi na gangarowa a kansa daga wannan naɗi zuwa wancan. Nan Baba Anya yake tsayawa tun gashinsa na baƙi, alli a hannu, ƙaramin almakashi rataye a wuya. Zare ya tsinke, ko man inji ya ɗiga, ko launi ya zame, sai ya taka birki ya kewaye wurin da alli. Abin da ya wuce ta gabansa ya buga masa hatimi, an gama magana, sai sito. Masu saƙa ba sa ƙaunar ganinsa, shi ma bai nemi su ƙaunace shi ba. Teburin nan shi ne mutuncinsa, kuma ya sani.

Abu ɗaya ne a duniya ba ya zargi, tsuntsaye. A bayan masaƙar akwai tafki mai ciyayi a gefe, inda balbelu da agwagin ruwa suke sauka, da wani zalɓe da kan tsaya a tsallake kamar an dasa shi. Baba Anya yana da madubin hangen nesa, dogo, mai tsayawa a kan ƙafa uku, wanda ya saya a hannun wani tsohon mai awon filaye bayan ya wahalar da bawan Allah da gwaje-gwaje. Duk ranar hutu da safe can za ka same shi, ido ɗaya a rufe, yana murɗa zoben saiti a hankali har tsuntsun ya fito masa.

Ana nan sai dilolin yadi suka fara dawo da kaya. Wannan ya nuna zaren da ya tsinke, wancan ya nuna tabon mai, kuma duk da hatimin Baba Anya a jiki. Manaja, wanda a haife Baba ya haife shi, ya kira shi ofis ya ba shi kujera.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji manaja. "Cewa na yi ko za ka leƙa asibiti a duba maka ido. In ya so kafin nan sai ka ɗan koma sito ka huta, wani ya riƙe teburin."

"Wa ke son teburin?"

"Ba wanda ke so, Baba."

"To wa ya riƙe hatimina lokacin da na tafi cin abinci?"

Manaja ya shafa kai. Ya ce a bar maganar zuwa ƙarshen wata, amma in kaya suka ci gaba da dawowa ba yadda zai yi.

Baba Anya ya fito yana tafasa. A ganinsa makirci ne aka ƙulla, kuma ya riga ya jera masu hannu a ciki, tun daga masu saƙa har mai shara. Asibiti kam ba zai je ba, don ya tabbata likita ba ya duba mutum ya ce lafiya lau yake. Hujja zai kawo. Mutumin da ke hango ƙwayar idon zalɓe daga tsallaken tafki, ta yaya tsinkakken zare zai wuce ta ƙarƙashin hancinsa? Matsalar ita ce shi kaɗai yake gani. Don haka ya ƙudura sai ya ɗauko hoton tsuntsun ta cikin madubin nan, gashi-gashi, ya ajiye wa manaja a kan tebur kafin wata ya mutu.

Auta ce ta kai shi shagon kyamara a motarta. Malamar makaranta ce, da 'ya'yanta, kuma ita take ɗaukarsa zuwa tafki tun da ya jingine babur ɗinsa, wai direbobin yanzu sun koma sa fitilu masu kashe ido. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, kuma ranar haƙurinsa ya yi masa amfani. Baba ya shimfiɗa madubin a kan kantar shagon, ya nuna wata ƙatuwar kyamara da ke cikin gilashi.

"Wannan ta yi maka girma, Baba," in ji mai shago. "Bakinta ya fi bakin madubinka faɗi. In ka haɗa su, baƙin zobe za ka gani ya kewaye hoton, tsuntsun yana can tsakiya kamar a ƙasan rijiya. Ga nauyi, sai ta rinjayi ƙafafun. Wannan ƙaramar ita ce daidai da kai."

Baba Anya ya juya ya dubi 'yarsa. Tun da yake bai taɓa ganin ɗan kasuwa ya ture mai tsada ya miƙo mai araha ba, sai dai in akwai abin da yake ɓoyewa.

"Ta daɗe a shagon nan ko?" ya tambaya.

"Sabuwa ce, Baba, ga kwalinta."

"Kwali ai ba ya magana."

Ya shinshina ta, ya girgiza ta a kunne, ya buɗe gidan batir ya leƙa. Da aka zo kan adafta, wato ƙarfen da zai riƙe kyamarar a bakin madubi, mai shago ya fito da iri biyu. Ɗaya ɗaura shi ake yi da ƙusa, kyamarar ta zauna daram, sai dai ta allonta kawai za ka riƙa kallo. Ɗayan mai hannu ne kamar ƙyauren taga, ka ture kyamarar gefe ka sa idonka, ka dawo da ita ka ɗauka. Mai shago ya ce na farkon ya fi tsayawa ƙyam. Jin haka Baba ya zaɓi na biyun. Ya ce ba wani ɗan allo da zai shiga tsakaninsa da tsuntsu.

Ranar hutu suka sauka tafki. Baba ya kafa ƙafafun, ya ture kyamarar gefe, ya murɗa zoben saiti har zalɓen ya fito masa. Kamar kullum ya matsa ya ce, "Auta, zo ki ga ikon Allah."

Ta sunkuya ta leƙa. "Na gani, Baba."

Ya dawo da kyamarar ya latsa. Da suka kai aka wanko hotunan da girma, babu zalɓe babu dalilinsa, sai wani abu toka-toka mai kama da tsumman goge-goge da aka rataya a sanda.

Daga nan mai shago ya shiga uku. Baba ya dawo ya ce adaftar a karkace take, aka daidaita ta a gabansa. Ya dawo ya ce hoton rawa yake yi, mai shago ya nuna masa yadda zai sa kyamarar ta ɗan jira bayan ya latsa, don hannunsa ya bar jikinta. Aka goge gilasai, aka canja kati, aka rataya jakar yashi a ƙafafun saboda iska. Tsumman nan dai shi yake fitowa.

"Baba, don Allah ka gwada abu ɗaya," in ji mai shago. "In ka dawo da kyamarar, ka sake murɗa zoben kana kallon allonta. Ita ma da nata ganin."

"Wato abin da na saita da idona, injinka ne zai gyara mini?"

"Ba haka nake nufi ba."

A lokacin ne Baba ya lura da rigar da ke jikin mutumin. Saƙar masaƙarsu ce, ko a mafarki ya san ta. Suna fita ya ce wa Auta ya gano bakin zaren, manaja ne ya biyo ta nan ya saye mai shago. Auta ta ce rabin mutanen gari ai yadin suke sawa. Ya ce ita ma ya fara lura da yadda take saurin kare su.

Wata ya tasam ma ƙarewa. An sake dawo da wani naɗi, kuma a wurin cin abinci mutane sukan yi shiru in ya shigo. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, don bai san me zai zama ba in aka raba shi da teburin nan. Tsoron kuwa sai ya riƙa fitowa a matsayin faɗa. A gida ya zargi matarsa da sauya ƙwan fitilar ɗaki da mai rauni. Ya yi rantsuwa in wannan hutun ma hoton bai fito ba, ƙarar mai shago zai kai, ya tona masa asiri a gaban duk 'yan layinsu.

Da safen suka isa tafki rana ba ta yi zafi ba, iska ta kwanta. Zalɓen yana tsallake a wurinsa. Baba ya saita, ya ja da baya.

"Leƙa ki zama shaida. Ke za ki faɗa musu abin da madubin ke nunawa, su gwada da abin da kyamarar mai shagon nan ke fitarwa."

Auta ta sunkuya. Wannan karon ta daɗe ba ta ɗago ba. Shaida ake nema a wurinta a kan mutumin da bai ci musu komai ba. Sai Baba ya ga hannunta ya tashi ya kama zoben saiti, ta murɗa, ta ƙara murɗawa, har ta yi nisa da inda ya bar shi.

"Me kike taɓawa?"

Ta dawo da kyamarar ta latsa, suka jira ta ɗauka. Ta cire ta daga adaftar, ta kare allon da mayafinta, ta ƙara girman hoton ta miƙa masa. Ya kawo shi dab da fuskarsa. Ga zalɓe nan, dogon baki, baƙin layin da ya ratsa kansa, gashin wuya ɗaya bayan ɗaya, ga ƙwayar ido rawaya tana ƙyalli.

Daɗi ya rufe shi. "Kin gani ko? Abin da nake faɗa musu ke nan. Gobe manaja zai san da wa yake yi."

"Baba," ta ce a hankali, "leƙa madubin yanzu. Kar ka taɓa zoben."

Ya dube ta da zargi, sannan ya sunkuya ya sa ido. Hazo ya gani. Ya rufe wannan idon ya sa ɗayan, ya ɗan fi, amma hazon dai yana nan. Yatsunsa suka kai kan zoben da kansu, ya murɗa, ya yi ta murɗawa har tsuntsun ya taru ya fito masa. A ƙarƙashin yatsunsa ya ji nisan da ke tsakanin inda kyamara take gani da inda shi yake gani. Ya tsaya a sunkuye har bayansa ya fara ciwo.

"Duk lokacin da nake ce miki ki leƙa, me kike gani?"

"Dishi-dishi, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Kika ce mini kin gani."

"Mama ce ta ce kar wanda ya faɗa maka. Ta ce abu ɗaya ke nan da kake yi kana murmushi." Ta juya ta dubi tafkin. "Fitilar ɗakinku ma ba ta rage ba, Baba. Mai haske ta sa maka."

Bai yi faɗa ba, kuma Auta ta fi son a ce ya yi. Ya cire adaftar, ya naɗe ƙafafun, ya sa komai a jaka yadda ya saba. Kunya ce ta kama shi, ta mai shago, ta manaja, har da ta mai shara. A mota ya riƙe kyamarar a cinya. Hoton da ya sha wahalar nema yana ciki, ba abin da zai hana shi ajiye wa manaja gobe, kuma ya san Auta ba za ta tona shi ba.

Da suka zo wucewa ta ƙofar masaƙar ya ce ta tsaya. Ba a aiki ranar, sai maigadi a kan benci. Ya taso da sauri yana gaisuwa, Baba ya sauke gilashin mota.

"Motar kaya yaushe za ta yi lodi?"

"Gobe da sassafe, Baba."

"To ka kira manaja yanzu. Ka ce ni na ce duk naɗin da ke sito mai hatimina na makon nan, kar a ɗora ko ɗaya. A mayar da su kan tebur a sake dubawa."

"To, Baba. In ce kai za ka zo ka duba?"

Baba Anya ya dubi ginin.

"A'a," ya ce. "Ka ce ya sa wani."