Kwantaccen Cikin Taiba

Shekara talatin Barira tana yankan cibi a Ruwan Gizo, kuma in ta ɗora hannu a kan ciki ta faɗi magana, to an gama. Mace ce mai kaifin baki, ba ta son a tambaye ta abu sau biyu.

A shekarar da aka fara sako ruwan dam ɗin Bakolori cikin gonaki, cikin Taiba, 'yar ƙanenta, ya ɗaga. Shekararta tara da aure, sau ɗaya ta taɓa ɓatan wata, abin ya shiririce. Barira ta lalluba, ta ce ai wancan cikin ne da ya kwanta, yanzu ya tashi. A nan kowa ya yarda ciki yakan yi barcin shekaru, don haka aka hau jiƙe-jiƙe.

Wata goma sha ɗaya ciki na girma, mai shi na ramewa. Loma biyu ta ƙoshi. Motsi kuwa babu, Barira ma ta sani, sai ta ce yaron ne malalaci. Zubairu mijin Taiba, direban tifa a wurin aikin dam, ya gaji da jira, ya kwashe su, ita da Barira, zuwa asibiti a Sakkwato.

Likita ya ce ciwon daji ne a inda ƙwan haihuwa ke fitowa. Ya ce da ƙananan ƙwayoyi aka gina jiki, a cikin kowace akwai sinadaran furotin masu ce mata ta tsaya da hayayyafa, ko ta mutu in ta lalace. Na Taiba sun daina aiki, kamar ƙofar ruwan gona da ta ƙi rufuwa. Da an zo da wuri, in ji shi, da an gwada fiɗa.

Baƙin ciki ya cika Barira.

Da suka koma gida, Taiba ta kamo hannun gwaggonta ta ɗora a kan cikin.

"Gwaggo, ni ban yarda da maganar likita ba. Abin da kinka ce, shi nika riƙe da shi. Ɗa na, ko?"

Barira ta daɗe tana lalube, alhali ta san abin da ke ciki.

"Ba ɗa ba na, Taiba. Tun wata na shidda nis sani. Ki yafe min."