Mama Leda da Ɗakin Ƙasa

A gidan kwanan ɗalibai mata na jami'ar babu wadda ta san sunanta na yanka. Mama Leda ake ce mata, kuma ta ci sunan. Kujerun falonta tun na aure suna cikin ledarsu, mijinta ya yi ta zama a kansu yana zamewa har Allah ya karɓi abinsa. Agogon bangon ofishinta ma a leda yake, sai ka matsa kusa ka ƙanƙance ido kafin ka ga lokaci. 'Ya'yanta sun girma sun yi aure ba su taɓa cin abinci a farantin tangaran ba, ga farantan can jere a kabet suna jiran babban baƙon da har yau bai iso ba. In an ce mata rowa ce, sai ta ce a'a, tattali ne. A ganinta duk abin da hannu ya taɓa ya kama hanyar lalacewa, saboda haka babu annobar kaya kamar mutane.

Da rabon zannuwan gado ta fara aiki, ta yi ta hawa har ta zama mai kula da gidan gaba ɗaya, da damin makullai a ƙugu. Gaskiya dai gaskiya ce, ba a taɓa kama ta da satar ko allura ba. Amma bargunan da aka ba ta ta raba wa ɗalibai, asu ne ya cinye su a sito, a ninke tsaf, yara kuwa suka kwana da rigunan sanyi. Manya suna yabonta, don duk ranar da suka leƙo sito cike yake. Ita kuma yabon nan shi ne abincinta, musamman da ritaya ta matso tana so ta tafi da suna mai kyau.

Ana nan sai wata gidauniya mai tallafa wa naƙasassun ɗalibai ta zo ta gyara ɗaki guda a ƙasa. Aka faɗaɗa ƙofa yadda keken guragu zai shige, aka shimfiɗa tayil, aka yi banɗaki a ciki da ƙarafan dafawa, aka sa gado biyu, ɗaya na ɗaliba, ɗaya na mai kula da ita. Sharaɗin kuwa a fili yake: duk ɗalibar da ta tare a ɗakin, gidauniya ce za ta ɗauki nauyin ɗakin da albashin mai kula da ita har ta gama karatu. Wanda ya miƙa wa Mama Leda makullin nan, Allah ya yafe masa. Tana shiga ta ga katifu sababbi fil a leda, zuciyarta ta narke. Ko ranar da ta haifi ɗan farinta ba na jin ta yi irin wannan murmushin.

A zangon nan aka ɗauki wata yarinya mai karatun shari'a, ƙawayenta suna kiranta Lauya. Tun tana ƙarama ƙafafunta suka shanye. Tare da gwaggonta ta zo, wata tela mai 'ya'ya, wadda ta rufe shagonta ta bar yaran wurin maƙwabciya, bisa alkawarin da aka yi musu na ɗaki da albashi. Ofishin harkokin ɗalibai ya ce su je wurin mai kula da gida su karɓi makulli.

Mama Leda ba ta kalli fuskar yarinyar ba. Tayoyin keken ta kalla, da ƙasar da suka kwaso.

"Baiwar Allah, ku ɗan dakata," ta ce wa Gwaggo. "Masu ɗakin za su zo dubawa. In sun zo sun tafi, sai ku shiga."

"To Mama, yaushe za su zo?"

"Ni na aike su? Kafin nan akwai gado a hawa na biyu."

"Mama, bene fa kika ce. Yarinyar nan ba ta takawa."

"Ba ga ki ba? Ai aikin da kika zo yi ke nan."

Haka aka yi. Keken yana kwana a ƙarƙashin matakala, Gwaggo tana goya budurwa ta hau da ita, ta goya ta ta sauko, safe da yamma, ban da kai ta banɗaki a ƙarshen baranda. Dare kuwa a tabarma take yinsa, tsakanin gadajen 'yan mata huɗu. Albashi babu, tunda ba a tare ba. Ta koma ofishi aka ce makulli yana hannun Mama Leda. Ta dawo wurin Mama Leda aka ce baƙi suna hanya. Bayanta ya fara ciwo, maƙwabciya ta fara kira tana ƙorafin yara. Gwaggo ta gaya wa Lauya gaskiya, cewa in zango ya ƙare babu ɗaki babu albashi, dole ta koma ta buɗe shago. In kuwa ta koma, karatun Lauya ya ƙare, don babu mai goya ta.

Duk wannan ko a jikin Mama Leda. Kullum da safe takan cire takalmi a bakin ƙofar ɗakin ƙasan, ta shiga ta share ƙurar da babu, ta shafa ledar katifu, ta fito ta murɗa makulli sau biyu. Famfon banɗakin ba ta taɓa buɗe shi ba, kada ruwa ya bar tabo. Wata rana Lauya ta tare ta a baranda.

"Mama, ko leƙawa ne ki bari in yi."

"'Yar nan, ke da ɗaki zai zama naki, gaggawar me kike yi? Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri."

Ta wuce abinta tana kaɗa makullai, tana jin ta yi wa yarinya tarbiyya.

Ranar da baƙi za su zo, tun da sassafe ta hango keken a ƙarƙashin matakala, fenti ya goge, an ɗaure hannunsa ɗaya da tsumma. Ta ce wannan abu zai zubar mata da mutunci. Ta tura shi sito ta kulle, ta aika sama cewa kowa ta zauna a ɗakinta har baƙi su tafi. Gwaggo ta sauko neman keke, aka ce mata Mama tana wurin tarbar baƙi, ta koma.

Wata mata ce ta zo daga gidauniya, shugaban harkokin ɗalibai yana biye da ita yana dariyar da babu dalili. Mama Leda ta buɗe ƙofa, baki har kunne. Baƙuwar ta taɓa ledar katifa, ta murɗa famfo, ya yi tari ya tofo tsatsa.

"Ɗalibai nawa suka zauna a nan?"

"Ko ɗaya, ranki ya daɗe," in ji Mama Leda, tana dafa ƙirji. "Yadda kuka ba mu shi, haka yake. Ƙuda ma bai kwana a ciki ba."

Baƙuwar ta juya ta kalli shugaban. Shi kuwa gogan, da bai san ko ɗalibai nawa ke gidan ba balle masu keke, ya gyaɗa kai ya ce ai Mama ba ta wasa da amana. Matar ta dubi baranda, ba ta ga keke ba, ba ta ga sanda ba, ta yi godiya ta shiga mota. Mama Leda ta yini tana ba masu shara labarin yadda baƙuwa ta rasa bakin magana don mamaki.

Makullin dai bai fita daga ƙugunta ba, don ta ce sai sakamako ya zo. Ya kuwa zo dab da ƙarshen zango. Gidauniya ta ce tunda babu mai buƙata a nan, ta mayar da tallafin zuwa wata makaranta inda ɗalibai ke layi. Lauya ta kai kuka ofishi, aka ce mata ai da ta yi magana da wuri. Shugaban, da ya ga ɗaki ya zama na banza, ya ba da umarni a zuba karyayyun kujerun aji a ciki.

Ranar da leburori suka kawo kujerun ita ce ranar da Gwaggo ta goyo Lauya ta sauko da ita saukowar ƙarshe, ƙawaye suna biye da akwati da littattafai. Ƙofar ɗakin a wangame take. Mama Leda tana tsakiya, gyale ya zame, hawaye shaɓe-shaɓe, tana bin leburori tana roƙo.

"Don girman Allah ku ɗaga, kada ku ja! Tayil ɗin! Ba ku da imani ne?"

Kukan gaske take yi, irin wanda ba ta yi wa kowa ba a gidan nan. Da ta hango Gwaggo da Lauya sai ta yi musu alama su zo su taya ta ganin wannan zalunci.

Gwaggo ta zaunar da Lauya a keke, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu. Ta fara turawa, sai Lauya ta riƙe taya. Ba ta taɓa ganin cikin ɗakin ba sai yau. Ta kalli ƙarafan bango, ta kalli faɗin ƙofar, ta kalli gado na biyu da ke jikin taga, wanda wani lebura ke jibga ƙafafun kujeru a kai.

"Gwaggo," ta ce, "kin ga gadonki."

Gwaggo ba ta juya ba. Ta ce mata ta saki tayar, mai mota yana jira.