Ranar da Na Yi Tayin Manhaja

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na jera uku kafin in dace da wanda nake kira. Amma akwai wata Alhamis da ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma har gobe ina ganin makarantar ce ta yi asara. Ciniki kuwa, a tambayi duk wanda ya taɓa sayen masara a hannuna. Da ƙarfi ya ja baya, 'yata ta saya min kwamfuta ta ajiye a shagona na Pantami, wai in riƙa kallon wa'azi. Na fi amfani da ita wajen nuna wa jama'a cewa ina da ita.

Wanda ya more ta shi ne abokina, wani tsohon hedimasta Batangale da ke Herwagana. Shekara biyu yana hawo keke kowace safiya, ya zauna yana rubuta waƙoƙin daka da na shuka na mutanensu a kwamfutar da yatsa biyu. Daga bakin goggonsa ya ɗauke su da waya kafin ta rasu. Da wayar ta cika, aka juye muryar tsohuwar cikin kwamfutata, aka share ta wayar. Yana bugawa ina tsokanarsa, yana ce min Farfesa.

Kwatsam kwamfuta ta fara fito da wata sanarwa. Hedimasta ya gyara tabarau ya karanta, ya ce babbar manhajar da take tafiya a kai ce ta tsufa, an fito da sabuwa.

"Farfesa, ka bari 'yarka ta zo ranar Asabar."

"In jira yarinyar da na yi wa suna ta koya min sayayya?"

Washegari na naɗe kwamfuta a darduma na nufi shagon wata mai gyara, sa'ar 'yata. Ta duba ta ce, "Baba, hanya uku ce. Akwai babba ta 'yan ofis, ita ce mai tsada. Akwai ta gida, in ɗora maka a kan tsohuwar komai naka yana nan, amma sai an ƙara wa kwamfutar memori, wato ƙwaƙwalwa, saboda tata ta yi rauni. Ko kuma in share komai in zuba sabuwa, kuɗin aikina kawai za ka biya."

Na gyara hula na taya hanya ta biyun rabin kuɗi.

"Albarka, Baba. Ba ni na yanka farashin ba, daga kamfani yake."

"To kira min kamfanin. Shi ba shi da iyaye ne?"

Ta yi dariya har da riƙe tebur. Na ɗauki kayana na fita a hankali, ina jiran ta ce in dawo ta sallama, kamar yadda kowane mai sayarwa na ƙwarai yake yi. Har na kai bakin titi shiru. Na dawo da kaina kamar na manta takalmi, na ce a yi min ta ukun.

Wallahi ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce, "Baba, sharewa fa na ce. Duk abin da ke ciki zai tafi. Ka sayi filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, in kwashe maka tukuna."

Nan ne basirata ta kai ni ta baro. Shekara talatin ina ce wa masu saye in ba su ɗauka yau ba gobe masara za ta tashi. Na san tsoratarwar mai sayarwa, don ni ma sana'ata ce. Sai na yi murmushi a raina na ce yarinya, wanda kike yi wa wannan dabarar ya riga ki iyawa. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, aikin Hedimasta ya gilma a zuciyata, na kore shi, don kada a ce an ci ni a ciniki.

"Share. Babu komai a ciki sai wa'azi."

Sau biyu ta sake tambaya. Sau biyu na ce share.

Da safe Hedimasta ya iso, ya ga allo ya yi sabo fes, ya ce Farfesa an shigo gari. Ya zauna ya danna nan, ya danna can. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Can ya juyo.

"Alhaji, ina Goggo?"

Ban taɓa jin tambayar da ta fi wannan nauyi ba. Muka koma wurin mai gyara tare. Baiwar Allah ta wuni tana ƙoƙari ba ta karɓi ko sisi ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba. Abin da ta iya tsamowa shafi huɗu ne da hoton wani biki. Murya kam ta tafi.

A cikin keke napep muna dawowa ya tambaye ni nawa na rage. Na gaya masa. Kuɗin bai kai na buhun gawayi ba. Ya jinjina kai ya ce, "Ka iya ciniki." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yanzu yana zuwa, ko da yake ba kullum ba. Yakan fara rera waƙa a hankali, ya kai tsakiya ya tsaya yana kallon bango, don wadda ta san ƙarshen tana ƙasa. Ni kuma in kama gyaran abin da bai lalace ba a shago.

Abin da na koya, a makare, shi ne ba duk mai gargaɗi ke neman aljihunka ba. Kuma idan kayan wani na hannunka, ba ka da ikon neman araha da su sai ka tambaye shi.