Ƙyallen Malam mai ruwan ɗorawa

Ƙarfe biyu da kwata na ranar wata Talata abin ya fara lalacewa. Ina zaune a laburare, na buɗe littafin tarihin wani sarki daga cikin sarakunan Maleshiya, wanda nake rubuta kundina na digiri a kan mulkinsa. A tsakiyar littafin na ci karo da hoton samari biyu cikin manyan kwat, sun dafa kafaɗar juna. Ɗaya yarima ne tun bai hau gado ba. Ɗayan kakana ne. A ƙasa an rubuta: "Yarima da wani baransa ɗan Afirka."

Bara! Ni da ba na iya ɗaga murya ko a aji, sai da na kusa kifar da teburin.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Mu ma a gida ba mu yarda da shi ba. Da damina, in ruwa ya tsare mu a zaure bayan la'asar, kakan nawa, da muke kira Malam, kan jawo adakarsa. Kafin murfin ya gama buɗewa ƙanshin kafur ya cika wurin. Sai ya fito da wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai zaren zinare, duk ya yi karyayyun layuka, ya shimfiɗa a cinya. Ya ce da aka tura shi Landan koyon aikin duba-gari, ɗaki ɗaya suka zauna da wani ɗan sarkin Maleshiya. Tare suke sahur. Da sanyi ya kwantar da yaron, shi ya yi jinyarsa da citta da kanumfari har ya miƙe. Ranar rabuwa yaron ya ba shi ƙyallen nan.

"Malam an fara tatsuniya da rana," in ji Kawu, 'yan zaure su kwashe da dariya.

Malam kuwa ni yake kallo. "Uwargida, ke ma kin bi su?"

Na sunkuyar da kai. Har ya rasu ban taɓa ce masa na yarda ba. Da aka zo rabon kayansa babu wanda ya miƙa wa ƙyallen hannu, sai na ɗauka.

Saboda Malam na karance rayuwar sarkin nan kaf: hawansa gado, asibitocin da ya buɗe, yadda yake naɗe wando ya shiga ƙauyukan da ambaliya ta ci. Shafi bayan shafi ana yabon tausayinsa, amma wanda ya yi jinyarsa ko suna ba a ba shi ba. Na kai wa malamar da ke duba kundina maganar. Ta yi murmushi ta ce labarin kaka ba hujja ba ne.

Da na ji za a yi taron tunawa da sarkin a nan Landan inda nake karatu, kuma 'yan gidansa za su zo, na yi booking, na kama gurbin zama. Na goge ƙyallen sau uku, layukan suka ƙi kwanciya. Na yafa shi a kan hijabina, na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga unguwar Tottenham, ina ta maimaita abin da zan faɗa.

A bakin ƙofa wani mai baƙar hula ya tare ni. Cikin ladabi ya ce ba a shiga gaban 'yan sarauta da wannan launi, nasu ne su kaɗai. Na karanta haka a littafi, wallahi na karanta, fushi ne ya mantar da ni. Na koma gefe.

Wata tsohuwa 'yar Maleshiya, mai sanda, ta tsaya tana kallon kafaɗata. Ta ce in ba ta. Ta bi layukan nan da yatsa, ta ninka nan, ta karya can, sai ga ƙyallen ya tashi ya zama naɗin kai mai tsini, irin wanda na sha gani a hotunan sarkin.

"A ina kika samu, 'yata?"

Na nuna mata hoton a wayata, da rubutun ƙasansa. Na tambaye ta abin da na kasa tsaya wa Malam a kai tun ina yarinya: "Baransa ne?"

Ta dubi fuskar Malam a hoton, sannan ta ɗora min naɗin a tafin hannu.

"Bara riga ake ba shi," ta ce. "Wannan daga kansa Yarima ya cire."