Enid Holroyd, Matar da Ta Ƙi Biyan Rabin Tara (1941–2023)

Haihuwa da nasaba

An haifi Enid Sugden, wadda daga baya aka san ta da Enid Holroyd, ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1941 a garin Kirkholme da ke arewacin Ingila, a layin gidajen ma'aikatan masaƙa. Mahaifinta, Arnold Sugden, mai gyaran injinan saƙar ulu ne, mahaifiyarta kuwa, Nora, tana aikin wanki da guga a asibitin garin. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, kuma ita kaɗai ce mace. Gidan ba na masu hali ba ne, amma ba a taɓa kwana da yunwa a cikinsa ba, kuma an yi wa yaran tarbiyya a kan ƙa'idar da kusan kowane gida a layin yake bi, wato duk takardar da ta zo da tambarin hukuma a yi abin da ta ce, kada a ja magana. Mutanen garin suna kiran wannan ladabi, alhali rabinsa tsoro ne, rabinsa kuma ganda. Enid ta yi riƙo da wannan ƙa'ida har ta kai shekara saba'in da biyu.

Karatu da aiki

Ta shiga makarantar firamare ta coci a shekarar 1946, ta kuma bar karatu a 1956 tana da shekara goma sha biyar, kamar akasarin 'yan matan layinsu, da shaidar kyawun rubutu da iya lissafi. Bayan shekara uku a masaƙa, sai kamfanin bas na garin ya ɗauke ta kwandasta a 1959, aka sa ta a bas mai lamba goma sha huɗu, wadda take tashi daga kasuwa ta bi Titin Northgate ta ƙare a ƙofar asibiti. Ta yi shekara goma sha tara tana yankar tikiti a wannan hanya, har zuwa 1978 da aka daina aiki da kwandastoci, aka mayar da ita ofishin ajiye kayan da fasinjoji suka manta. A nan ta zauna cikin laimomi da safar hannu marasa 'yan'uwa har ta yi ritaya a 2001. Ta sami lasisin tuƙi a 1979.

Aure da zuri'a

Direban bas ɗin da take aiki a ciki, Clifford Holroyd, shi ne ya aure ta ranar 17 ga watan Agusta na 1963. Mutum ne mai barkwanci wanda bai cika ɗaukar abu da zafi ba, kuma idan aka tambaye shi sirrin zamansu yakan ce, "Ni dai direba ne. Ban taɓa tashi ba sai ta kaɗa ƙararrawa." Allah ya ba su 'ya'ya uku: Graham a 1965, Lorraine a 1968, da Neville a 1972.

Ritaya, furanni da jinya

A 2002 Enid ta shiga kwamitin ƙawata gari, wanda ƙawarta Beryl Tordoff take shugabanta. Aikin kwamitin shi ne rataye kwandunan furanni a jikin turakun titi a ƙarshen watan Mayu na kowace shekara, da izinin majalisar gari a rubuce, domin gasar da ake yi tsakanin garuruwan yankin. A 2006 ciwon sanyin ƙashi ya kama ta a kwatangwalo, ta koma tafiya da sanda, aka ba ta shuɗin katin naƙasassu da ake ajiyewa a gaban gilashin mota, ta kuma sayi ƙaramar mota wadda birkinta da toturta suke a hannu. A 2010 ƙodar Clifford ta gaza, aka rubuta masa wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a. Ita take kai shi, ita take ɗauko shi. Takan bi layin bas na Titin Northgate da ƙarfe goma sha ɗaya, domin shi ne yake miƙewa har ƙofar asibiti, kuma haramcinsa a kan sauran motoci daga bakwai ne zuwa goma na safe kawai.

Takardun tara bakwai

Ranar Litinin 3 ga watan Yuni na 2013, majalisar gari ta tsawaita haramcin zuwa bakwai na yamma, ta canza ƙaramin allon da ke nuna lokaci, ta kuma kafa kyamara. Takardar tara ta farko ba ta iso gidan Holroyd ba sai ranar 18 ga wata, lokacin da Enid ta riga ta bi layin sau bakwai. Sauran shida suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowacce fam sittin, kowacce kuma da tayin da aka saba: wanda ya biya cikin kwana goma sha huɗu rabi zai biya.

Wannan rangwame ba jinƙai ba ne, tarko ne, domin wanda ya biya ya amsa laifi kuma ya rufe wa kansa ƙofar ɗaukaka ƙara. Amma mutane suna ganin an rage musu, har godiya suke yi.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, ana cin gasasshen nama da dankali, babban ɗanta Graham ya jera takardun a kan tebur kusa da kwanon romo.

"Mama, bakwai fa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Zan biya rabin yau ɗin nan, ke kuma ki ba ni makullin. Motar asibiti sai ta riƙa ɗaukar Baba."

"Wadda take zuwa bakwai na safe, ta zaga da mutum duk garin kamar buhun wasiƙu, ta dawo da shi bayan faɗuwar rana?" in ji Clifford. "Gara ku tura ni a baro."

"Baba, ba wasa nake ba. Wanda bai ga allo ba yau, gobe mutum ne ba zai gani ba."

"Kai Graham," in ji Enid, "na bi Northgate sau dubu nawa tun kana cikin zanen goyo? Da allon yana nan da na gan shi."

"Kowa haka yake cewa, Mama."

Daga ƙarshe suka yi sharaɗi a gaban Clifford da Lorraine: za ta rubuta ƙorafi, ta bi shi har inda ya tsaya, idan kuma hukunci ya tabbatar da laifinta za ta miƙa makullin ba tare da jayayya ba.

Ƙorafin farko da kuskurensa

Ranar 24 ga Yuni ta rubuta wa majalisa wasiƙa mai shafi biyu, ta gina hujjarta kacokan a kan shuɗin katinta da rashin lafiyar mijinta. Wannan kuskure ne da naƙasassun direbobi da yawa suke yi. Katin yana ba mutum damar ajiye mota a kan layin rawaya na gefen titi, inda aka hana kowa ajiyewa, har sa'a uku idan ya saita lokacin isowarsa a agogon takardar da ke tare da katin, amma bai ba kowa damar shiga layin bas ba. Ranar 30 ga Yuli amsa ta zo da ƙin amincewa, tare da hoton allon a tsaye fes, rubutunsa yana karantuwa daga nesa, da kuma bayanin cewa tana da kwana ashirin da takwas ta kai ƙara gaban alƙali mai zaman kansa, kyauta, sai dai idan ta faɗi ƙarar, tarar za ta cika fam ɗari huɗu da ashirin.

Ta yi kwana biyu hoton yana kan teburin kicin. A rana ta uku Clifford, yana shan shayi, ya ja shi gabansa ya ce, "Wannan matar da ke bayan allon ba ta jin zafi ne? Dubi rigar sanyinta." Enid ta karɓa ta duba. Bishiyoyin da ke hoton ba ganye, mutane sun naɗe wuya, kuma a saman allon akwai ƙugiya da ba a rataye mata komai ba. Hoton hunturu ne, an ɗauke shi ranar da aka kafa turken, aka kuma liƙa masa sabon lokaci daga baya a matsayin shaida. Ta ɗauki sandarta ta tafi Northgate. A jikin ƙugiyar nan akwai kwandon furanni ja da fari da suka zubo ƙasa suka lulluɓe allon lokacin gaba ɗaya. Ta gane kwandon, domin ita ta shuka shi da hannunta a watan Afrilu.

Kundin Beryl

Abin da ya rage shi ne shaidar cewa haka allon yake tun watan Yuni, kuma wannan shaida tana cikin kundin hotunan da Beryl Tordoff take haɗawa domin alƙalan gasa, kowane hoto da kwanan watansa. Beryl ba ta so ba.

"Enid, kin san abin da za su yi? Kwashe mana kwandunan Northgate za su yi kaf. Northgate fa, titin da ya ciwo mana na biyu bara!"

"Na sani, ƙawata."

"To ki biya mana ki huta. Zan ba ki rabin rabin."

"Ba kuɗin ba ne, Beryl. Makullina ne. In na ba da shi, ke za ki riƙa kai Clifford sau uku a mako? Ke da ko keke ba ki iya ba?"

Beryl ta miƙa kundin tana cewa ta yi dana-sanin ranar da ta koya wa Enid zuba taki, domin da furannin ba su yi wannan haukan girma ba.

Zaman sauraron ƙara

An saurari ƙarar ranar Talata 15 ga watan Oktoba na 2013 a wani ƙaramin ɗaki na laburaren garin, kuma zaman bai wuce minti ashirin da biyar ba. Alƙalin ya ajiye hoton majalisa kusa da hoton Beryl na ranar 12 ga Yuni, ya dube su, sannan ya tambayi wanda ya rataye kwandon.

"Ranka ya daɗe, ni na shuka, wani mai tsani ya rataye. Ga takardar izinin majalisa, har lambar turken suka rubuta mana."

"Wato, Madam Holroyd, furanninki ne suka ci ki tara."

"Su ne, ranka ya daɗe. Amma ai ka ga sun yi kyau."

Hukuncin da aka aiko mata bayan mako guda ya soke takardun tarar duka bakwai, bisa dalilin cewa haramcin da ba a bayyana shi ga direba ba ba ya hawa kansa. Ba a ambaci shekarunta ko naƙasarta a cikinsa ko sau ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi yi mata daɗi. Ta kai wa Graham takardar har wurin aikinsa, ta jira ya karanta, ta karɓi abarta ta tuƙa motarta ta koma gida.

A watanni ukun da kwandon ya yi a jikin turken, kyamarar ta kama motoci fiye da ɗari tara. Mutum huɗu ne kacal suka kai ƙara. Sauran sun biya rabi sun yi shiru, kuma ba a mayar wa ko ɗayansu sisi ba, tunda sun amsa laifi da hannunsu. Wannan abin kunya ba na majalisa ba ne ita kaɗai.

Shekarun ƙarshe

An ɗauke kwandunan Northgate kamar yadda Beryl ta faɗa, garin ya zo na huɗu a gasar 2014, kuma ƙawayen biyu sun yi wata biyu suna gaisawa sama-sama kafin su shirya. Daga watan Janairu na 2014 Enid ta riƙa zama a laburare kowace Talata da hantsi, tana taya mutane rubuta ƙorafin tarar ajiye mota da ta layin bas, akasarinsu tsofaffi da masu shuɗin kati. Takan ce musu, "Kada ka biya sai ka karanta, kada ka rubuta sai ka je wurin ka gani da idonka, kuma kada ka ba su labarin ciwonka, hoto suke so." Ba duk ƙara take ci ba. Wanda ya manta bai saita agogon katinsa ba takan gaya masa gaskiya cewa ya roƙi sassauci, in an ƙi ya biya.

Ta ci gaba da kai Clifford asibiti da kanta har wankin ƙodarsa na ƙarshe, kwana huɗu kafin rasuwarsa a watan Fabrairu na 2016, bayan aure na shekara hamsin da biyu. A watan Maris na 2021, mako guda bayan cikarta shekara tamanin, likitan ido ya shaida mata cewa ganinta ya fara raguwa, ko da yake bai kai a hana ta tuƙi ba. Washegari ta tuƙa motar zuwa gidan Graham, ta ajiye ta daidai a ƙofarsa, ta miƙa masa makullin ta ce, "Ungo. Yanzu ni na ga dama. Tashi ka mayar da ni gida."

Rasuwa

Enid Holroyd ta rasu a gidanta da safiyar Alhamis 16 ga watan Nuwamba na 2023, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara tamanin da biyu. An yi addu'ar jana'izarta a cocin unguwarsu ranar 28 ga wata, aka binne ta a maƙabartar garin kusa da mijinta. Ta bar jikoki biyar da tattaɓa-kunne biyu, da 'ya'yanta uku: Lorraine, malamar jinya, Neville, mai gyaran famfo, da Graham, ma'aikacin inshora mai ritaya, wanda har yau yana kan bakansa cewa da ta biya rabin da kowa ya huta, amma bai sake cewa tsufa ne ya hana ta ganin allon ba tun daga ranar da ya karanta hukuncin.